Me ya sa ƙananan kwalejojin Amurka ke tara 'yan wasa 130 amma koci na kukan rashin mutane?

Ɗan Tudu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga waɗanda suka san ƙwallon Amurka ta kwaleji ce, amma ba ta manyan jami'o'i irin su Alabama da Mishigan da ake nunawa a talabijin ba. Ina nufin ƙananan makarantun nan masu ɗalibai dubu ɗaya ko biyu. Sai ka ga jerin 'yan wasansu ya kai mutum 120 ko 130, alhali mutum 11 ne ke cikin fili a lokaci guda. Duk da haka kociyoyinsu kullum cikin kukan wahalar zawarcin 'yan wasa suke. Ina matsalar take?

Na-Ohayo:
Wa alaikumus salam ƙanena. Sai an fara raba su kafin a gane zancen, don ba kwando ɗaya suke ba. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin kwalejoji, tana da rukuni uku. A rukuni na ɗaya manya suke. A rukuni na biyu doka ta yarda makaranta ta ba da tallafin karatu na ƙwallo da bai wuce kwatankwacin gurbi 36 ba, kuma ana iya yanyanka shi, wannan ya samu rabi, wancan ya samu kwata, wani ya samu abin da bai fi kuɗin littattafai ba. Makarantu da yawa ma ba sa iya cika 36 ɗin. Sai rukuni na uku, inda aka haramta ba da ko sisi saboda wasa. Akwai kuma wata hukuma daban, NAIA, ita iyakarta gurbi 24.

To ka ga ke nan a rukuni na uku duk yaron da ka gani sanye da hular kwano, iyayensa ne ke biya, ko shi ya ci bashi. Daga nan amsar tambayarka ta fara. A wurin shugaban makaranta, waɗannan 130 ɗin ɗalibai ne masu biyan kuɗi kafin su zama 'yan wasa.

Alhajin Lissafi:
Bari in sa muku alƙaluma, amma misali ne kawai don a ga yadda lissafin ke tafiya. Ɗauki kwaleji mai ɗalibai 1,000. A ce bayan an cire duk rangwamen da makaranta ke yi, kowane ɗalibi yana shigo mata da dala 15,000 a shekara. Yara 120 sun kawo dala miliyan 1.8 ke nan, ba a sa kuɗin ɗakin kwana da na abinci ba. A cire albashin kociyoyi, motocin tafiya, kayan wasa da inshora, galibi akwai saura. Kuma kashi 12 cikin ɗari na ɗaliban makarantar gaba ɗaya ƙungiya guda ce ta kawo su, yawancinsu samarin da ba don ƙwallo ba da ko sunan garin ba za su ji ba.

Shi ya sa ake ba koci adadi. A ce masa bana muna son sababbin yara 50 ko 60 su biya kafin alƙalami. Kocin da ya ci wasa 3 cikin 10 amma ya cika adadin zai iya zama a kujerarsa shekaru. Wanda ya ci 7 bai cika ba, sai ka ji an kira shi ofis.

Ɗan Tudu:
To Alhaji idan haka ne ai ba wuya, tunda duk wanda ya zo karɓarsa za a yi.

Na-Ohayo:
Da wuya kuwa. Ga yadda aikin yake daga farko. Tun yaro yana ajin kusa da na ƙarshe a sakandare ake fara tara sunaye. Ana samun su daga kociyoyin sakandare, da bidiyon wasannin da yara ke ɗorawa a shafin intanet na Hudl, da sansanonin gwaji da manyan jami'o'i ke shiryawa a watan Yuni. Kociyoyin ƙananan makarantu kan je waɗannan sansanoni su tsaya gefe, don yaran da manya suka tsallake su ne kasuwarsu. Sunayen kan kai ɗaruruwa masu yawa, sai a raba wa mataimakan koci yanki yanki, kowa da garuruwansa da makarantunsa.

Daga nan sai tankaɗe. Na farko makin karatu: idan bai kai abin da ofishin ɗaukar ɗalibai ke nema ba, an gama magana komai iyawarsa. Na biyu ya cike takardar neman shiga. Na uku ya zo ya ga makarantar da idonsa, da iyayensa in da hali, don yaron da bai taka harabar ba da wuya ya zo. Na huɗu iyaye su cike FAFSA, takardar gwamnatin tarayya da ake auna ƙarfin aljihun gida da ita. Na biyar makaranta ta aiko da takardar da ke nuna nawa aka rage masa, nawa ya rage ya biya. A wannan mataki na biyar ake zubar da mafi yawan yara, kuma koci ba shi da ta cewa. A rukuni na uku doka ta hana ofishin tallafi duba iya wasan yaro wajen yanke masa rangwame, NCAA kuma tana bin alƙaluman kowace makaranta don ta ga ba a fifita 'yan wasa a kan sauran ɗalibai ba. Na shida ya biya kafin alƙalami, wanda bisa al'ada wa'adinsa 1 ga Mayu ne.

Ko ya biya ma ba ka da tabbas. Takardar da ake sa wa hannu a rukuni na uku ta murna ce kawai, ba ta ɗaure kowa. Cikin Yuli wata makarantar rukuni na biyu za ta iya kiransa ta ce ga ɗan tallafi, ya tafi, ko a kira shi babbar jami'ar jiharsu a ce ya zo ya gwada sa'a ba tare da tallafi ba, ya zaɓi rigar da abokansa suka sani. Sai ranar da aka buɗe atisayen Agusta koci ke sanin mutum nawa yake da su.

Maman Khalil:
Malam ka ambaci FAFSA, a nan ne ƙananan makarantu suka sha wuya a 2024. Takardar da aka saba buɗewa 1 ga Oktoba sai ƙarshen Disambar 2023 aka buɗe ta, saboda sauya tsarin da aka yi, kuma bayanan ba su fara isa makarantu ba sai cikin Maris. Iyaye ba su san nawa za su biya ba, koci ba ya iya ce musu komai, makarantu da dama suka ɗaga wa'adin 1 ga Mayu. Babbar jami'a da ke ba yaro cikakken tallafi wannan bai dame ta sosai ba. Kwalejin da duk zawarcinta ya rataya a kan takardar rangwame ita ce ta tsaya cik.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ke biyo baya. A kawo yara 60, a san sarai ba za su buga ba. Wannan ba cin amana ba ne? Yaro ya ci bashin karatu na shekara guda, ya zauna a benci, ya koma gida ba digiri ba ƙwallo, sai bashi.

Kawu Mai Usur:
Hajiya maganarki tana kan hanya, amma a raba laifin. Yawan mutane shi kaɗai ba zalunci ba ne. John Gagliardi ya horar da St. John's ta Minesota daga 1953 zuwa 2012, ya bar aiki da nasara 489 a rayuwarsa ta koci, ba wanda ya kai shi a ƙwallon kwaleji. Ba ya korar kowa daga ƙungiya, jerinsa kan haura mutum 150, ba ya barin a kayar da juna a atisaye, atisayen kuma gajere ne, kamar minti 90. Yara sun zauna sun gama karatu don sun san a kan me suka zo.

Inda ake cin amana shi ne wajen alkawari. Mataimakin koci da aka ɗora wa adadi sai ya ce wa kwatabak (mai jefa ƙwallo da ke jagorantar hari) shida kowannensu kai ne za ka gaji wurin. Kwatabak ɗaya ne ke buga wasa. Cikin mako biyu na atisayen Agusta yaro ya ga jerin sahu, ya ga sunansa na bakwai, ya fahimci an sayar masa da iska. Ga kuma wata doka da iyaye da yawa ba su sani ba: a rukuni na ɗaya ana iya ajiye yaro shekara guda yana atisaye ba tare da ta shiga cikin shekarunsa huɗu ba, amma a rukuni na uku idan ya ci gaba da atisaye bayan wasan farko na kaka, shekarar ta ƙone ko bai taɓa shiga fili ba.

Makarantun da suka san abin da suke yi suna shirya wa ƙananan sahu wasanninsu daban, ranar Lahadi ko Litinin, da ƙananan sahun wata makaranta. Wasa huɗu ko biyar a kaka ya isa ya riƙe yaro, don yana da bidiyon da zai tura wa mahaifiyarsa. Amma wannan yana buƙatar mota, alƙalan wasa, da mai kula da rauni, duk kuɗi ne.

Na-Ohayo:
Kawu ya taɓo inda ke ciwo. Riƙe yaro ya fi kawo shi wuya, kuma sau uku ake zubewa a shekara. Na Agusta Kawu ya faɗa. Na biyu Disamba, lokacin da sakamakon zangon farko ya fito: yaron da ya faɗi darussa ya rasa cancantar wasa, don dole ne ya kasance cikakken ɗalibi mai ɗauke da aƙalla kiredit 12 (ma'aunin yawan darussa) kuma makinsa bai faɗi ƙasa da ma'aunin makaranta ba. Wani kuma karatun lafiya, amma akwai ragowar kuɗi a kansa, sai ofishin kuɗi ya toshe masa rajistar zango na biyu. Na uku bayan shekarar farko, idan gida suka zauna suka yi lissafi.

Akwai wani abu kuma da ake yawan yi don cika adadi. Jihar Filorida tana fitar da 'yan wasan sakandare masu yawan gaske amma ba ta da makarantar rukuni na uku, don haka kwalejojin tsakiyar ƙasar kan gangara can da Jojiya da Tekzas su kwaso yara. Yaron da bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai ya tsinci kansa a ƙaramin gari a Ayowa cikin Nuwamba, kuɗin jirgin zuwa gida hutu babu, ba ɗan uwa ba dangi. Wanda gidansu tafiyar awa biyu ce, iyayensa na zuwa kallon wasa ranar Asabar, ya fi zama. Koci mai hankali yana gina ƙungiyarsa da na kusa, na nesa ya zama ƙari.

Ɗan Tudu:
Yanzu na gane yawan. To kukan rashin mutane fa?

Kawu Mai Usur:
Don ba kowane irin jiki ke samuwa ba. Masu gudu da masu cafe ƙwallo suna nan birjik, a kowace sakandare za ka samu. Ƙartin gaba, wato mutum biyar ɗin da ke yi wa kwatabak katanga da waɗanda ke fuskantarsu daga ɓangaren tsaro, su ne ƙaranci. Yaro mai tsawo, mai nauyin kilo 125 zuwa sama, kuma ƙafarsa na da sauri, da wuya ya sauko har rukuni na uku, wani ya riga ya ba shi tallafi a sama. Sai ka ga jerin mutum 120 amma masu cafe ƙwallo 25 ne, 'yan katanga 11. Kana buƙatar 15 zuwa sama don ka yi atisaye sahu biyu ba tare da ka gajiyar da na farko ba. Uku su ji rauni a gwiwa ko idon sawu, shi ke nan tsarin harinka ya rushe komai ƙwarewar kwatabak.

Abin da ake yi shi ne a ɗauki dogon yaro siriri mai faɗin kafaɗa, a sa shi ɗaga ƙarfe da cin abinci shekara biyu. Wato sai a shekararsa ta uku zai amfane ka. Idan ya tafi bayan shekarar farko, wahalar ta tashi a banza. Kun ga yadda zancen ya sake komawa kan riƙewa.

Akwai kuma ɗaya gefen, makarantun da ko yawan ma ba su da shi, galibi masu tsananin sharaɗin karatu. Grinnell ta Ayowa ta soke sauran wasanninta na kakar 2019 saboda cikin mutum 39 da take da su, 11 sun ji rauni, saura 28. Da 28 yaro ɗaya zai buga hari ya buga tsaro, gajiya ta kawo wani raunin. Earlham ta Indiyana ta dakatar da ƙwallo a 2018 bayan an doke ta sau 53 a jere. Occidental ta Kalifoniya ta soke wasanni a 2017 don ƙarancin mutane, ta rufe shirin gaba ɗaya a 2020.

Baban Ummi:
Ku ba ni dama in shigo da ɓangaren kociyoyin su kansu. A babbar jami'a akwai ma'aikata na zawarci daban, na bidiyo daban, na kayan wasa daban, na abinci daban. A ƙaramar kwaleji cikakkun ma'aikata ba su fi 'yan kaɗan ba, sauran ɗaliban digiri na biyu ne da ake biya da rangwamen karatu da ɗan abin kashewa, sai masu zuwa da yamma bayan sun tashi daga aikinsu na koyarwa. Mai tsara tsaro shi ne mai kula da ɗakin ɗaga ƙarfe. Kocin masu cafe ƙwallo shi ke yanka bidiyon abokan karawa daren Lahadi, shi ke wankin riguna, shi ke bin ajujuwa ya ga wa ya zo wa bai zo ba. Da dare kuma kowa ya ɗauki waya ya kira yara goma ko ashirin.

Kayan ma ciwon kai ne. Hular kwano ɗaya ta kamfanin Riddell ko Schutt ɗaruruwan daloli ce, ana tura su gyara da gwaji bayan kaka, kuma masu gyaran ba sa karɓar wadda ta wuce shekara 10. Idan shugaban makaranta ya ce a ƙara yara 30, ya kamata ya ƙara huluna 30, sulken kafaɗa 30, akwatin ajiya 30, da wani mai kula da rauni. Sau da yawa adadin ake ƙarawa, kasafin ya tsaya inda yake.

Illar ita ce mataimakan ba sa daɗewa. Shekara ɗaya ko biyu ya samu wuri mai albashi ya tafi. Yaron da shi ya zawarto, ya zauna a falonsu ya yi wa uwarsa alkawari, sai ya zo ya tarar ba ya nan. Kocin sakandaren da suka saba ma sai an fara gina amana da shi daga tushe.

Maman Khalil:
To wanda ya yi nasara fa, Baban Ummi? Ai shi ya huta.

Baban Ummi:
Shi ma ɗauke masa ake yi, Hajiya. Lance Leipold ya ci kofin rukuni na uku sau shida da Wisconsin-Whitewater tsakanin 2007 da 2014, jami'ar Buffalo ta rukuni na ɗaya ta ɗauke shi, daga can ya koma jami'ar Kansas a 2021. Kalen DeBoer ya ci kofin NAIA sau uku da Sioux Falls, wasa 3 kacal aka doke shi cikin 70, ga shi tun Janairun 2024 shi ne kocin Alabama. Brian Kelly, da ya horar da manyan jami'o'i, daga Grand Valley State ta rukuni na biyu ya taso. Irin Larry Kehres da ya zauna a Mount Union daga 1986 zuwa 2012 ya ci kofi 11, ba su da yawa.

Da can koci kawai ake ɗauka, yanzu har 'yan wasa. An buɗe rumbun sauya sheƙa, inda mai son barin makarantarsa ke sa sunansa, a Oktoban 2018, a 2021 aka yarda yaro ya sauya makaranta sau ɗaya ba tare da zaman shekara ba, a Yulin shekarar kuma aka ba su damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu, a 2024 aka cire iyakar sauyin. Trinidad Chambliss ya ci wa Ferris State ta Mishigan kofin rukuni na biyu a 2024, a 2025 yana kwatabak a babbar jami'ar Ole Miss. Ba wanda zai ga laifinsa. Amma kocin da ya raine shi ba a biya shi komai, babu kuɗin sayar da ɗan wasa irin na ƙwallon ƙafa.

Na-Ohayo:
Rumbun yana da amfani ga ƙanana ma, don ruwan yana gangarowa ƙasa. Yarjejeniyar shari'ar House, ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA kan biyansu kuɗi, da kotu ta amince da ita a Yunin 2025 ta sa wa manyan makarantun da suka shiga tsarin iyakar mutum 105 a ƙungiya, alhali da yawansu sun saba riƙe fiye da haka. Waɗanda ba su samu wuri ba ƙasa za su nema. Sai dai a yi hattara: yaron da ya sauko yana ganin ya fi ƙarfin wurin, a duba ko kiredit ɗinsa za su karɓu a sabuwar makaranta, a duba ko tsohuwar na bin sa bashi, a kira tsohon kocinsa a ji dalilin tafiyarsa. Kuma duk wanda ka ɗauko ka ɗora a kan yaron da ya yi shekara biyu yana jiran wurin, ka shirya rasa wancan.

Alhajin Lissafi:
Abin da ke sama da duk wannan shi ne yaran kansu raguwa za su yi. Haihuwa ta faɗi a Amurka bayan rikicin tattalin arziki na 2008, waɗannan yaran ne ke isa shekara 18 yanzu, kuma raguwar ta fi tsanani a arewa maso gabas da tsakiyar ƙasar, inda ƙananan kwalejoji suka fi yawa. Ƙwallo ba ta iya ceton makarantar da ta riga ta nitse. MacMurray ta rufe a 2020, Finlandia da Iowa Wesleyan a 2023, Birmingham-Southern da Notre Dame College ta Ohayo a 2024, duk suna da ƙungiyoyi. Alderson Broaddus ta rasa izinin ba da digiri a ƙarshen Yulin 2023, ana gab da fara atisaye, yara suka bazu neman wuri.

Idan maƙwabta suka rufe kuma tafiya ta ƙaru. Bayan Humboldt State da Azusa Pacific sun bar ƙwallo, sai da Central Washington da Western Oregon suka shiga gasar Lone Star, wadda yawancin ƙungiyoyinta a Tekzas suke. Tafiyar da ake yi da mota ta koma ta jirgi.

Ɗan Tudu:
Azusa Pacific ba a nan Christian Okoye ya yi ba? Ko ƙananan makarantun nan za su zama ƙofa ga yaranmu na Najeriya?

Kawu Mai Usur:
A nan ne. Daga Enugu ya je don wasan jifa, a can ya koyi ƙwallon, ƙungiyar ƙwararru ta Kansas City Chiefs ta ɗauke shi a 1987. Amma ƙanena ka duba lissafin da aka yi a sama. Ɗalibin waje ba ya cike FAFSA, ba ya samun tallafin gwamnatin tarayya, kuma kafin makaranta ta ba shi takardar I-20 ta neman biza sai ya nuna shaidar kuɗin shekara guda. A rukuni na uku koci ba zai iya rage masa komai saboda wasa ba, sai abin da makinsa na karatu ya jawo masa. A rukuni na biyu da NAIA akwai ɗan tallafi, amma guntu ne, kuma koci mai gurbi 24 da zai raba wa mutum 100 zai yi tunani sau biyu kafin ya zuba babban kaso a kan wanda bai taɓa sa hular kwano ba. Wanda ke son gwadawa ya fara da sakamakon WAEC mai kyau, da bidiyon da ke nuna tsawonsa da nauyinsa da gudun yadi 40, sannan ya tambayi makarantar a rubuce nawa ne zai rage masa ya biya kowace shekara har huɗu.

Maman Khalil:
Ya ƙara da tambaya ɗaya, Kawu, shi da duk iyayen da koci ya zauna a falonsu: cikin yaran da kuka ɗauka shekara huɗu da suka wuce, nawa ne har yanzu suke ƙungiyar, nawa ne suka karɓi digiri? Jerin sunayen kowace shekara yana shafin intanet na makarantar. A buɗe na shekara huɗu baya, a buɗe na bana, a ƙirga sunayen da suka rage.